Fitilar da Tipoko Ta Zaɓa

Fitila uku Tipoko ta canza a cikin shekara guda, kuma kowacce sai da muka taya ta zaginta.

Ta farko dinamo ce, irin mai gugar taya, wadda ta zo da keken tun yana sabo. Ta ce ta tsufa, haskenta ya koma na aci-bal-bal. Muka ce ƙwarai kuwa. Ta biyu tocila ce da take ɗaurewa a gefen kai da robar tsohon tub, yadda mazanmu ke yi in za su ban ruwa da asuba. Ta ce batiran yanzu ba su da albarka. Muka ce ai batiran yanzu sai addu'a. Ta uku mai caji ce, ɗanta ya aiko mata daga Abijan. Sati biyu ta yi da ita ta ce an cuci yaron nan. Nan ma muka ce wallahi an cuce shi, alhali fitilar nan in ta kunna ta, idon kare ma daga nesa kake hango shi yana ƙyalli.

Mu bakwai ne a layinmu. Ƙarfe huɗu saura muke barin lambunan bakin dam, kowacce da kwando uku na latas a kan kariya, an ɗaure su sun fi kanta tsawo. Kilomita ashirin da biyar ne zuwa Wagadugu, kuma 'yan sari ba sa wuce ƙarfe shida a kasuwar ganye. Wadda ta iso bayan sun watse, sai ta zauna ta kalli latas ɗinta yana yaushi. Ta gaba ita ke da fitila, ita ke da ƙararrawa. Bugu ɗaya rami, biyu yashi, uku mota, a sauka gefe. Sauranmu kwandon da ke gabanmu kawai muke bi, inda ya karkata mu karkata. Shekara goma sha tara Tipoko ce a gaba.

Da keken nan take ci da kanta da mijinta Yamba. Shi yana iya durƙusawa ya yi shuka da cirar ciyawa, amma bayansa ya daina ɗaukar sirdi tun da daɗewa. In ba ta kai kaya birni ba, sai dai su sayar wa masu babur mai ƙafa uku da ke zuwa har bakin lambu, waɗanda ke saye kamar suna yi maka sadaka.

Ba wadda ba ta san abin da ke faruwa ba. Mun ga yadda take lalubar kofi in magariba ta yi. Mun ga ta gaida turmi a tsakar gidansu tana ce masa Yamba. Amma ranar da muka tsorata da gaske ita ce ranar tifa. Tifa ta lalace a kan hanya, an jera rassan itace a bayanta kamar yadda ake yi. Tipoko ta bi ta kan rassan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ƙararrawa, ba birki, sai da Wendyam da ke bayanta ta ƙwala ihu sannan ta tsaya. Tayarta ta gaba da ƙarfen tifar, tazararsu ba ta kai kamu biyu ba.

Ta sauko ta ɗan bubbuga fitilar da tafin hannu ta ce, "Kun gani ko? Wannan abar sai ta kashe mu."

Wendyam ta ce, "Gaskiya ne, Ma. Ba ta da kyau."

Da yamma suka same ni a bakin rijiya su biyar, suna ta kewaye-kewaye, har na gaji na ce su faɗi abin da ya kawo su. Wendyam ce ta yi ƙarfin hali.

"Odil, ke za ki gaya mata. Mu bakinmu ba zai iya ba. Ta girmi uwata."

"Ni kuma bakina na haya ne?"

"Ke 'yar Samo ce. Ke ko me kika ce ba laifi."

Nan ba su yi ƙarya ba. Ni 'yar ƙabilar Samo ce, daga garin Toma aure ya kawo ni cikin Mosi, kuma tsakaninmu da Mosi wasa ne tun kaka da kakanni. Sarkinsu ma in na ga dama sai in ce masa bawana, ya yi dariya ya ce in je in ƙarasa cin karena. Shekara goma sha ɗaya ina ƙauyen nan, ban taɓa ce wa Tipoko "Ma" ba. Baiwata nake ce mata, ita kuma ta ce mini mai cin kare. Ranar da na yi ɓari, ita ta kwana a kaina tana gasa mini jiki da ruwan zafi, tana cewa 'yan Samo ko kuka ba su iya ba. Ba ni da kamarta a ƙauyen nan, har mijina kuwa.

Washegari muna ɗaure kaya na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baiwata, ba fitila ba ce. Idonki ne ya mutu. Dundumi gare ki."

Ta kwashe da dariya har da dafa sirdi. "Ku ji ta! Naman kare ya hau mata kai. Jiya wane kare ne ya ɓata a unguwar nan?"

Sai duk suka yi dariya, har Wendyam da ta aiko ni. Na sake gwadawa a hanya, na sake a kasuwa, fuskata a murtuke. Ta ce murtukewar ma ta yi mini kyau, na yi kama da kakata. A nan na gane kuskurenmu. Shekara goma sha ɗaya ina ce mata makauniya, ina ce mata mayya, ina ce mata ɓarauniyar gero. Kalmar ta riga ta suɗe a bakina. Sun zaɓo mutum ɗaya da ke da izinin faɗar komai, sun manta ita ce kuma ba a ɗaukar maganarta da nauyi. Haushinsu ya kama ni, na kaina ma ya kama ni.

Ranar Asabar da muka gama ciniki ta ce in raka ta wurin Rasmane mai kayan keke, za ta sayi fitilar gaske. Rasmane yana da tsohuwar kwantena a bayan rumfarsa, nan yake shiga da mai saye ya ja ƙofa, a gwada fitila cikin duhu. Ya baje mana su a kan benci kamar mai tallan kifi.

"Ma, kowacce da halinta. Dinamo ba ta cin batir, amma kina tsayawa ta mutu, kuma a kan hawa sai ta ja miki ƙafa. Wannan mai batir uku ce, tana buɗe haske gefe da gefe, sai dai ba ta zuwa nesa. Wannan mai caji, nesa take harbawa kamar ta mafarauta, amma siririya ce, ramin da ke gefenki ba za ta nuna miki ba. Wannan kuwa," ya ɗago wata mai girman gwangwanin madara, "ita ce uwarsu. Nesa da kusa duk nata ne. Direban mota ma sai ya rage miki wuta."

"Surutu ya isa. Rufe ƙofa mu gani."

Ya rufe. Zafi ya taso, ga warin roba. A can ƙarshen kwantenar ya rataye farar taya, ita ce abin gwajinsa. Ya kunna mai batir uku, tayar ta fito tas, har zaren gizo-gizon da ke jikinta ina gani.

"Ma, kin ga tayar can?"

"Wace taya?"

Ya kashe, ya kunna mai caji. Hasken ya tsaya cak a tsakiyar tayar.

"Yanzu fa?"

"Kai dai kawo babbar."

Ya kunna babbar. Kwantenar ta koma rana tsaka, ni har sai da na kare idona. Tipoko ta daɗe tana kallon gaba, tana ɗan juya kai hagu da dama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

"Na ga wani abu fari-fari," in ji ta.

Rasmane ya dube ni, na dube shi. Na ce a raina, yawwa, ga namiji, ga baƙo, ba ruwansa da layinmu, shi zai faɗa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ma, kwantenar nan ce ta cika duhu. A waje za ta fi haka."

Da ina da abin jifa a hannu da na jefe shi. Na ce, "Kai ma Mosi ne ashe. Ku dai in gida na ci da wuta sai kun gama gaisuwa kafin ku ce a fito."

Ya yi 'yar dariyar dole, ya ce bari ya nemo maɗaurin da zai kama ta a kan keke. Ya fita ya bar mu, ƙofar a ɗan buɗe. Tipoko ta zauna a kan bencin, fitilar a cinyarta, tana shafa gilashinta da babban yatsa.

"Odil."

Na juyo da sauri, don ba ta kiran sunana.

"Na sani," ta ce. "Tun bara waccan na je asibitin ido ni kaɗai. Suka ce abin a can ciki yake, ba na tabarau ba ne, ba na aiki ba ne. Irin na uwata ne. Ita ma da dare ya fara mata, kafin ya cinye ranar."

Na ce, "To da me kike tuƙa mu?"

"Da ƙafa da mazaunai. Daga dam zuwa kwalbati na san feda nawa ce. In na ji warin aladun gidan Pol, rami na hagu. In gargada ta fara, yashi na gaba. In na ji ƙanshin gidan burodi, an kusa kwalta. Duk abin da ke zaune a wurinsa na san shi. Abin da aka ajiye jiya ne ban sani ba, irin tifar nan."

"Fitilun fa? Kina ta zubar da kuɗinki."

"Ai ku kuna gani da su. Motoci ma suna ganinmu." Ta juya fitilar a cinyarta. "Kuma kowace sabuwa sai in ce ko wannan. Mutum ba ya rasa wauta."

"Na gaya miki a gaban kowa, kika mai da ni mahaukaciya."

"Da Wendyam ce ta faɗa, dole in sauka a ranar. Da na ji ke suka aiko, sai na gode wa Allah. Maganarki ai wasa ce, ina iya dariya in hau kekena."

Wato ita ma ta san da zancen aiken. Duk mun taru muna yi wa juna wasan yara, kowa ya san kowa ya sani.

Sai ta ce, "Kin ga turakun da aka kafa masu jan kai a bakin hanya? Jibi Litinin katafila za ta fara. Za su tone ta tun daga kwalbati har kwalta, a mai da mu ta hanyar ratse cikin daji. Wannan hanyar ƙafata ba ta san ta ba."

Ban taɓa jin tsoro a muryarta ba sai ranar. Ni kuwa ba na iya zama da abu in ban yi masa dabara ba, halina ne, kuma ya sha ja mini. Na tambaye ta, in haske ɗigo ɗaya ne a gabanta cikin duhu, tana ganinsa? Ta ce wannan kam tana gani, garwashin murhu ma daga ƙofar gida take hango shi. Na ce shi ke nan. Ni zan shiga gaba da babbar fitila, in ɗaura jar fitila a bayan kariyata, ita ta biyo ni, idonta a kan jan kawai.

"In koma ta biyu? A bayan 'yar Samo? Me zan ce musu?"

"Ba abin da za ki ce. Ƙwace zan yi. Tun yaushe baiwa ke gaban uwargijiyarta?"

Ta yi dariya, ta gaske wannan karon, har da share ido.

Da Rasmane ya dawo na ce ya kawo jajayen. Iri biyu gare shi, mai ƙiftawa da mai tsayawa. Ya ce in ɗauki mai ƙiftawa, ita ce ba ta ɓacewa a cikin ababen hawa. Ya kunna ta, Tipoko ta kau da kai ta ce a kashe, tana sa ta jiri, kuma duk ƙiftawa sai ta rasa inda take ta sake nema. Ya kunna mai tsayawa ta ce yawwa, wannan ta zauna mata daram. Rasmane ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi furfurarta, ya rufe. Ni ma na ji abin da ya faɗa tun farko a kan ababen hawa, amma hankalina na kan daji da ramuka, ban kawo birni a raina ba. Na ɗauki mai tsayawa. Har yau in na tuna hannuna yana miƙa masa ita ya naɗe, sai in ji kamar in sare hannun.

Ranar Litinin da asuba, ana ɗaure kaya, na taka har wurin kekenta na kwance sabuwar fitilar a gaban kowa.

"Daga yau mulkin Mosi ya ƙare. Shekara goma sha ɗaya ina kallon bayan baiwata, ya isa. Koma baya, tsohuwa."

"Ɓarauniya! Jama'a ku shaida, da kuɗina na saya!"

"Kuɗin bawa na ubangijinsa ne."

Matan suka yi ta dariya, dariyar ta yi yawa, ta fi ƙarfin wasan. Wendyam har da tafi. Yamba yana tsaye da butar ban ruwa, shi bai yi dariya ba, ya juya ya koma cikin lambu. Na ɗaura babbar a gaba, na kunna ja a baya. Ƙararrawa dai ta ce ba za ta ba ni ba ko zan mutu, in yi ihu da bakina tunda Allah ya ba ni babba.

Muka kama hanya. A kwalbati muka tarar an tare da ganguna, muka gangara ta ratse. Hanyar banza ce, duk kututture da sawun katafila, amma fitilar Tipoko ta biya kuɗinta, komai tas nake gani. Ina ihu, "Rami! Yashi! Dama, dama!" Ita kuma daga bayana ba ta fasa ba.

"A hankali, mai cin kare, ba gudun biki muke ba!"

"Taka feda, baiwa, ko zomkom ɗin jiya ne ya cika miki ciki?"

Zomkom ruwan gero ne da Mosi ba sa rabuwa da shi, kullum da shi nake tsokanarta. Muryarta na nan daf da ni, kuma ina jin ƙarar sarƙar kekenta da na sani kamar tarin mijina. Wallahi a cikin dajin nan har na fara lissafin shekaru. Na ce za mu yi shekara biyu a haka, wataƙila uku. Daɗi ya kama ni, na ji ni wata mai wayo.

Ban san ratsen ba ya komawa tsohuwar mahaɗarmu ba. Can gaba ya fitar da mu, a babban shataletalen bakin gari, inda duk wanda aka kora daga hanyarsa ya taru. Manyan motoci, babura, masu ƙafa uku, amalanken jakai, kowa na neman ya riga kowa. Ƙara ta cika kunne. Ko ina ka duba jan wuta ne, ɗari sun fi. Na ƙanƙame kan keke na kutsa, ina ihun "Ku biyo ni, ku biyo ni!" Ta gaba ba ta waiwaye. Kwanduna sun tare bayanki kamar bango, in kika juya wuya da wannan nauyin sai ƙasa. Na daina jin muryarta, na ce hayaniya ce. Na daina jin sarƙarta, na ce hayaniya ce.

Sai da na sa ƙafa a ƙasa a bakin kasuwar ganye na juya. Ba kowa. Jar fitilata na nan tana ci, ba wanda take yi wa jagora.

'Yan sari suka yanyame ni, suka kwashe kwandunana uku a tsaye, suna tambaya ina sauran, yau latas ya yi wuya. Ban san me na karɓa ba. Na tsaya a bakin titi ina leƙen kowace mai keke. Shida ta yi, 'yan sari suka ɗaure kayansu suka watse. Gari ya waye sarai sannan wayata ta yi ƙara, Wendyam ce. Ta ce suna can hanyar kewaye, wajen masu buga bulo.

A hanya na haɗu da su su biyar suna tahowa, za su je su zauna da kayan da ba mai saye sai masu neman na banza. Wendyam ta tsaya ta gaya mini. A shataletalen wani mai ƙafa uku ya shiga tsakanina da Tipoko, ya ɗauko gangunan ruwa yana tafiya kamar ba ya so, wutarsa ta baya guda ɗaya ce ke aiki. Ya karkata dama, ta karkata dama.

"Ke ba ki gani ba?"

"Na gani."

"Kin ga na miƙe, kin ga ta kauce, kika yi shiru?"

"Na ce ko Ma ta san wata gajeriyar hanya ce."

"Kilomita nawa kuka yi kina cewa ko ta sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Odil, ta yaya zan ƙwala mata kira in ce ta ɓata? Na baya kuma kwandona suke bi."

Sun bi ta har mai ƙafa ukun ya shiga filin bulo ya kashe injinsa. Wendyam ta ce Tipoko ta tsaya a bayansa tana haki, ta ce, "Mun iso, mai cin kare? Yau kin yi gudu." Sai wani ƙato ya sauko ya ce, "Ma, lafiya?"

Ban zagi Wendyam ba. Ba ni da sauran ƙarfin zagi, kuma in za a raba laifin nan, kasona ya fi nata.

Na same ta zaune a kan bulo, keken a jingine da tarin yashi, kwandunan ba a kwance ba. Rana ta fara dukan latas ɗin, ganyen sama ya kwanta. Ita ta ce su tafi su bar ta. Masu aikin suna ta buga bulonsu, suna satar kallonta. Ta ji tsayuwar kekena ta juyo da kanta gaba ɗaya, yadda take yi yanzu in tana son ganin mutum. Ɗankwalinta ya zame, ba ta gyara ba. Ban taɓa ganin ƙanƙantarta ba sai ranar, ashe 'yar mitsitsiyar tsohuwa ce.

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Ma, tashi mu tafi gida."

Ta tsura mini ido.

"Me kika ce?"

Ban ma san kalmar "Ma" ta fita daga bakina ba. Na ce, "Gobe sai mu canza, mu ɗauko mai ƙiftawar. Ko in ɗaura biyu, ko in sa igiya..."

"A ja ni da igiya kamar akuya, mata biyar a bayana? Yau abincin gida shida na zubar." Ta girgiza kai. "Ba wannan na tambaye ki ba. Me kika kira ni?"

Na kau da kai.

"Ke ma, Odil?" in ji ta. "Zage ni mana. Ce mini makauniya. Jiya-jiyan nan kin iya."

Na buɗe baki. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa neman zagi na rasa ba, ko a barci aka tashe ni. Na laluba ko ina, ba ko ɗaya. Kalmar da take roƙo tana nan a kan harshena, amma yanzu ta zama gaskiya a gaban kowa, ba ta ɗaukuwa. Sai hawaye, ni da ta ce ban iya kuka ba.

Ta jira ni, ta daɗe tana jira. Sannan ta gyaɗa kai ta ce, "To."

Ta tashi ta je wurin kekenta, ta ciro 'yar wuƙar da take yanke gindin latas daga ƙugunta. Ta lalubi kan keken har ta samu ƙararrawar, ta sa bakin wuƙar a kan ƙusar tana murɗawa a hankali. Ƙusar ta yi tsatsa, shekara goma sha tara ba a taɓa ta ba, ta ɗauki lokaci. Ban taya ta ba, na san ba za ta so ba. Da ta fita ta kamo hannuna ta danƙa mini.

"Ɗaya rami, biyu yashi, uku mota," ta ce. "Ki daina yi wa mutane ihu da asuba."

Ta kama kan kekenta ta juya shi wajen gida, ba ta hau ba, turawa take. Na bi bayanta da nawa. Mun yi nisa sannan wani mai babur ya rage gudu ya ce mini, "Madam, wutarki ta baya na ci."